Zauren Likitan Gashi: Wai hirar marasa lafiya ma ana tattara ta ta zama ilimi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni uku na zaɓo wannan makon, kuma abin mamaki duk guri ɗaya suke zagayawa duk da masu su ba su san juna ba. Masu tambayar ciwon gwiwa ku yi min haƙuri, na ga saƙonninku sun taru, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni ma'aikaciyar fisiyo ce, wato likitar gashi, a wani asibitin ƙaramar hukuma a Jigawa can wajajen Gwaram, kuma ina mastas a lokaci guda. Sufabaizana ya ce in nemo binciken da aka yi ta hanyar hira da marasa lafiya, wato kwalitetif, a kan dalilin da ya sa masu ciwon baya ba sa ɗorewa da motsa jikin da muke ba su, in haɗa su guri ɗaya in fitar da wani abu daga ciki. Gaskiya Malam raina bai kwanta ba, 'yan ajinmu kowa gwaji yake yi da lambobi da tebur-tebur ni kuma an bar ni da wane ya ce wance ta ce, har wani abokin aikina cewa ya yi wai tattara gulma zan yi a ba ni digiri. Dan Allah wannan bincike ne na gaske? Kuma ta yaya ma ake haɗa magana da magana, ai ba kuɗi ba ne balle a ce an tara. Na gode, Allah ya ƙara basira. Daga ƙanwarka.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, amin, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ki gaida min abokin aikin nan naki, ki ce masa ni ma da bakinmu ɗaya, har sai da wani dattijo ya koya min hankali.

Shekarun baya ina aiki a wani asibitin ƙauye a Kano, aka kawo min wani manomi mai ciwon baya, ya kai shekara sittin. Na duba shi tsaf, na nuna masa motsa jiki guda huɗu, na ba shi takarda mai hotuna na ce safe da yamma. Bayan sati uku ya dawo ciwo na nan, na ce Baba ina takarda, sai ya cire hula ya zaro ta a ninke tas kamar laya, ko datti babu. Ban yi wata-wata ba na rubuta a kati cewa ba ya bin umarni. Sai da muka fito baranda yana jiran ɗan acaɓa muka ɗan taɓa hira, shi ne yake ce min, likita gidan nan nawa da surukai mata biyu a ciki da jikoki, ɗakin kuma buhunan gero sun cinye rabi, yanzu ni da girmana in fito tsakar gida in yi rigingine ina ɗaga ƙafa sama kamar an kifar da kunkuru? Wallahi ƙanwata kunya ce ta kama ni. Motsa jikin nan ba laifinsa, an gwada shi yana aiki. Amma babu gwajin da ya taɓa gaya min cewa a gidan Bahaushe kwanciyar dattijo a gaban matar ɗansa magana ce babba. Na canja masa zuwa waɗanda zai yi a tsaye ya dafa katanga, da wanda zai yi a gona kafin ya kama fartanya, shikenan ya fara yi.

Kinga wannan shi ne gurbin da aikinki yake cikewa. Gwaji mai lambobi yana amsa tambaya ɗaya, abin nan yana aiki ko ba ya yi, kuma nawa. Irin su ne cike da PEDro, rumbun binciken nan na intanet da 'yan fisiyon Sidni ta Ostireliya suka buɗe a 1999, kuma ba na raina su ko kaɗan, da su muke sanin abin da za mu daina ɓata lokacin mutane da shi. Amma shi kansa David Sackett, likitan da ake jingina wa maganar aiki da hujjar bincike a harkar lafiya, a rubutunsu na 1996 bai ce lambobi kaɗai ba, kuma yadda ake koyar da abin har yau duwatsun murhu uku ne, hujjar bincike, gogewar ma'aikaci, da abin da shi mara lafiyar yake so yake kuma gani. Cire dutse ɗaya ki ɗora tukunya ki gani.

Toh sai dai binciken hira yana da nasa raunin, kuma nan ne abokin aikinki yake da 'yar gaskiya. Yawanci mutum goma sha biyu ne ko ashirin, a asibiti ɗaya, a gari ɗaya. In kika kai wa mai tsara manufa sai ya ce ai wannan labarin mutanen can ne. Haka takardun suke warwatse, kowa ya yi nasa ya ajiye, na gaba ya zo ya sake yin tambayoyin da aka riga aka yi. Maganin wannan shi ne a tattaro su a karanta su tare. In matar da aka yi hira da ita a Suwidin, da direban da aka yi da shi a Ingila, da manomin Inugu, waɗanda ba su taɓa jin labarin juna ba, duk suka zo suna nuna abu ɗaya da kalmomi daban-daban, toh wannan ya wuce gulma kam.

Yadda ake haɗawar kuwa, kin yi gaskiya ba tarawa ake ba. Masu lambobi kamar masu awo ne, gero iri ɗaya daga gonaki goma a juye a buhu ɗaya a auna da tiya. Naki ba haka ba ne. Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda wasu Amurkawa biyu, George Noblit da Dwight Hare, suka fitar a 1988, ana ce mata meta-etnogirafi, kuma su ba ma'aikatan lafiya ba ne ma, masu binciken makarantu ne, daga baya a 2002 Nicky Britten da abokan aikinta a Ingila suka gwada ta a harkar lafiya da takardu huɗu kacal a kan yadda mutane suke ɗaukar shan magani. Matakai bakwai suka zayyana amma zuciyar abin guda ɗaya ce, su suka kira shi fassara binciken cikin juna. Kamar dai Bakano ya ce barci Basakkwace ya ce kwana, wanda bai sani ba sai ya ƙirga su abu biyu. Wannan takarda ta ce marasa lafiya suna tsoron kada ƙashin ya goce, waccan ta ce suna lallaɓa bayan kamar ƙwai, ta uku ta ce sun daina sunkuyawa gaba ɗaya, aikinki ki zauna ki tambayi kanki shin abu ɗaya suke faɗa ko kuwa kama ce kawai. Wani lokacin su dace. Wani lokacin su ci karo, nan aka ce dangi ne suke ƙarfafa mutum ya motsa, can aka ce dangin ne suke hana shi ko ɗaukar buta, kuma dan Allah kar ki ɓoye irin wannan saɓanin dan aikinki ya yi kyau, sau da yawa naman yana gurin. Wani lokacin kuma kowace takarda gefe ɗaya ta kamo, sai kin jera su sannan zancen ya miƙe daga farko har ƙarshe.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina kullum, ki riƙa rarrabe bakuna uku. Akwai abin da mara lafiya ya faɗa da bakinsa, akwai abin da mai binciken ya fahimta ya sa wa suna, sai kuma naki da za ki gina a kan nasu. Ki ja layi uku a takarda ko a kwamfuta, kowa da gidansa. Ranar da kika cakuɗa su kika sa wa mara lafiya maganarki a baki, ranar kin zama abin da abokin aikinki ya ce. In kuma meta-etnogirafin ta yi miki nauyi akwai wata hanyar da James Thomas da Angela Harden suka bayyana a 2008, ita layi-layi ake bi ana sa wa kowace magana alama, a tara masu kama da juna su zama jigo, sannan a hau sama da su. Ta fi sauƙin koyo ga mai farawa, ku tattauna da sufabaizanki.

Bari in ba ki misalin abin da irin wannan aikin ya haifar a sana'armu dan ki san ba wasa ba ne. A 2013 Francine Toye da tawagarta a Okusfod sun haɗa takardu 77 na hira da masu daɗaɗɗen ciwon gaɓoɓi da tsoka. Abin da ya fito fili shi ne rayuwar mutanen nan kokawa ce, kokawa da jikin da ya zama kamar ba nasu ba, kokawar neman bayanin me ke damunsu, kokawa da layin asibiti, sannan wadda ta fi taɓa ni, kokawar tabbatar wa mutane cewa da gaske ciwon suke ji tunda hoto bai nuna komai ba. Tun da na karanta wannan na daina cewa mutum hotonka lafiya ƙalau ba abin da ke damunka. Ni a nufina albishir nake masa, shi kuwa abin da kunnensa ya ji shi ne likita ya ce ƙarya nake.

Akwai kuma wanda ya juyo da madubin kanmu. A 2015 Aoife Synnott da abokanta a Ayilan sun haɗa bincike 12 da aka yi hira da 'yan fisiyo su kansu, aka ga da yawanmu mun fi sakewa da maganar ƙashi da jijiya, in mara lafiya ya zo da tsoro ko damuwa ko matsalar gida sai mu rasa yadda za mu yi da shi, wasu ma su laƙaba masa mai neman a kula shi ko marar himma, kuma suka amsa cewa horon da aka ba su bai shirya su wa wannan ɓangaren ba. Ki tuna abin da na rubuta a katin Baba manomi. Ashe ba ni kaɗai ba ne, ciwon sana'a ne, kuma ba yadda za a yi a gane haka daga hira ɗaya a asibiti ɗaya.

Wajen nema kar ki tsaya a PubMed da Google Scholar, shafukan neman bincike na intanet, kawai, ki shiga AJOL inda mujallun Afirka suke, ki kuma taka da ƙafarki laburaren jami'a ki duba kundayen mastas da na dakta da ba a taɓa bugawa ba, akwai hirarraki da mutanenmu kwance a can suna shan ƙura. Kowace takarda ki auna ta, akwai wasu tambayoyi goma na tantance bincike da ake bi, ana ce musu CASP, wa aka yi hirar da shi, ta yaya aka zaɓo shi, wa ya yi hirar, in likitan da ke duba mutum shi ne ya riƙe masa rikoda kinsan dai ba zai ce aikin likita bai yi ba. Mu da muka taso muna jin malamai suna tantance ruwaya, wa ya ji daga wa, mai riƙo ne ko mai mantuwa, wannan tunanin ba baƙo ba ne a gurinmu. Kuma ki samu mutum na biyu ku riƙa karantawa kowa shi kaɗai sannan ku zauna ku yi musu, musun nan shi ne aikin. In kin zo rubutawa akwai ƙa'idojin rubuta irin wannan aikin, ENTREQ na 2012, da eMERGe na 2019 in meta-etnogirafi kika yi.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Akwai ma'aunin da ake kira CERQual, da shi ake faɗin yawan yardar da za a ba kowane sakamako, daga mai ƙarfi har mai rauni sosai, kuma abu huɗu yake dubawa, ingancin yadda aka yi binciken, daidaituwar sakamakon da bayanan da ke ƙasansa, wadatar bayanan, da kuma dacewarsu da mutanen da kike tambaya a kansu. Wannan na ƙarshen shi zai ba ki wahala. Mafi yawan takardun da za ki samu daga ƙasashen Turawa ne. Za ki karanta mutum yana cewa aikin ofis ya hana shi zuwa gidan motsa jiki, ke kuma majinyaciyarki matsalarta kuɗin mashin zuwa da dawowa sau uku a sati, da izinin maigida, da wa za ta bar wa yara, da cewa in damina ta kankama hanyar garinsu sai a hankali. Burinta ba ta koma wasan guje-guje ba ne, so take ta iya sujada ba a zaune ba, ta tsuguna a masai ba mai riƙe ta, ta ja guga, ta yi daka. Sannan kafin ta zo gurinki ta biya ta gurin wanzami an yi ƙaho, wataƙila maɗori ma ya taɓa, kuma in kika sallame ta ba ki haska mata wutar gashi ba ta koma gida ta ce yau ba a yi min komai ba surutu kawai. Ko binciken da Chinonso Igwesi-Chidobe ta buga a 2017 a kan masu ciwon baya a ƙauyukan Inugu, wanda ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba, ƙasar Ibo ce, ba a kulle, ba tsarin gidanmu ba ne. Dan haka kar ki ji kunyar rubuta cewa wannan sakamakon yardata da shi kaɗan ce game da karkarar Jigawa. Wannan jumlar kaɗai sakamako ce, ita za ta nuna wa na bayanki inda zai je ya yi hira.

Sai maganar harshe, wadda ke ci min tuwo a ƙwarya. An yi hira da Hausa, an juya ta Turanci dan a buga, ke kuma kin zo kina fassara fassarar. Tsohuwa ta ce sanyi ne ya kama ni, aka rubuta kamar yanayin gari take nufi, alhali ita wata cuta take nufi mai zaman kanta da ke bin gaɓoɓi. Ta ce na yi haƙuri na bar wa Allah, mai nazari a wata ƙasa ya sa ta a layin waɗanda suka sallama suka daina ƙoƙari, alhali ni na sha ganin masu wannan kalmar su ne ba sa fashin zuwa. Inda duk kika ga an yi binciken da Hausa, in da hali ki nemi masu shi ki roƙi asalin kalmomin. Wannan fifiko ne da kike da shi a kan farfesan da ke Landan, ki yi amfani da abinki.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ina koyarwa a firamare a wani ƙauye ta wajen Sumaila. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, muna kai ta gashi. Kwanaki wasu ɗalibai suka zo har gida da 'yar rikoda suka yi awa guda suna mata tambayoyi, yaya take ji, wa ke mata wanka, me take tunani game da ciwon, ko ƙwayar magani ba su ba ta ba suka tafi. Yayana ya ce mun yi wauta, wai sayar da muryarta za su yi. Malam meye amfanin wannan a gurinmu?

AMSA: Malam barka kadai, Allah ya ba Inna lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku da ɗawainiyar da kuke. Zan gaya maka gaskiya, ita Inna a karan kanta ba lallai ta ga amfanin hirar nan a jikinta ba, kuma ya kamata a ce sun faɗa muku haka tun kafin su kunna rikodar. Ƙa'ida ce su bayyana ko su waye, daga wace makaranta, su nuna takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, su nemi yardarta da harshen da take ji, su gaya mata tana da damar cewa a'a ko ta tsaya a tsakiya kuma hakan ba zai taɓa gashin da ake mata ba, sannan ba a sa sunanta a rubutu. In sun bar muku takarda akwai lambar wanda za a kira a jiki, kira ka tambaya, haƙƙinku ne, har cewa za ku iya yi a cire nata in ba a riga an gama nazarin ba. In kuwa ba su yi ko ɗaya daga cikin wannan ba toh sun yi kuskure, ka sanar da shugaban sashen da kuke zuwa gashin.

Amfanin kuwa, ka karanta amsar da na ba 'yar uwar da ke sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muna ganin Inna minti arba'in a sati, ku kuke kwana da ita, ku kuka san cewa matar ɗa ce ke ɗaga ta tun asuba har bayanta ita ma ya fara ciwo, ku kuka san maƙwabta sun ce iska ce ta buge ta a kai ta wani guri. Muryar Inna ita kaɗai ba za ta canja komai ba, amma in aka haɗa ta da ta wata a Ɓaɓura da wata a Rano da wata a Gana, duk suna cewa babbar damuwarsu shiga bayan gida ba tare da ɗa namiji ya riƙe su ba, toh dole mai koyar da 'yan fisiyo ya fara koyar da wannan kafin ya koyar da hawa matattakalar bene da babu ita a gidanku. Ka gaya wa Yaya ba a sayar da murya, rubuta maganar ake yi a goge sunan, amma tambayar da ya yi tana kan hanya, gara a tambaya.

TAMBAYA: Oga takarda nawa ne suka isa a haɗa? Na samu bakwai kawai a kan iyayen yaran da suka kasa riƙe wuya da zama, ina tsoron a ce sun yi kaɗan. Daga ɗalibinka a Kazaure.

AMSA: Ba a ƙirga su kamar awaki ɗana. Na faɗa a sama Britten da huɗu ta yi, Toye da 77, kuma masu 77 ɗin tawaga ce guda da kuɗin bincike, kai kuwa kai kaɗai ne da kwamfutar da caji ke ƙare mata. Abin dubawa kaurin bayanin da ke ciki, bakwai masu dogayen maganganun iyaye sun fi talatin da aka tsakuro layi bibbiyu. Ka dai rubuta dalla-dalla inda ka nema da kalmomin da ka nema da su da dalilin da ya sa ka ajiye waɗanda ka ajiye, dan kar a ce ka zaɓi masu daɗin ne. Sannan ka duba min abu ɗaya ka dawo ka ba ni labari, a cikin bakwai ɗin nan nawa ne aka yi hira da uba ko kaka, dan a ƙauyukanmu sau da yawa uwa ce ke goyo zuwa asibiti amma ba ita ke yanke ko za a koma ba.